Yadda ake shirya walimar Ranar Godiya a gida, ga uwargida da ke zaune a Amurka

Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba Amurka kan tsaya cak. Makarantu da bankuna da ofisoshin gwamnati duk a rufe, har babban kanti irin Walmart ba ya buɗewa. Ita ce Thanksgiving, Ranar Godiya, bikin kakar Amurkawa. Ga Bahaushen da ke New York ko Chicago ko Houston, ranar tana da amfanin da ba a samu a sauran ranaku. Sallah takan faɗo a tsakiyar mako, a yi Idi kowa ya ruga wurin aiki, amma wannan hutu ne na kusan kowa, yara kuma suna gida har Lahadi. Shi ya sa gidajenmu da yawa suka mayar da ita ranar tara dangi.

Asalin bikin ana danganta shi da wata liyafar girbi da Turawan Ingila suka yi tare da 'yan ƙabilar Wampanoag a Plymouth a 1621. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Yara za su dawo miki daga makaranta da ɓangaren labarin mai daɗin ji. Yana da kyau su san ɗaya ɓangaren: tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna makokin ƙasarsu da mutanensu da suka rasa bayan zuwan Turawa. Game da hukuncin raya ranar kuwa, malamai sun yi saɓani, kowane gida ya bi malaminsa. Ni magana ta a kan girki ce da karɓar baƙi.

Duk abin da zai hau teburin nan kin san kansa ko kin san ɗan'uwansa, in ban da abu ɗaya: gasa talotalo sukutum. Mu mun saba a yanka nama, a tafasa, a soya, cikin awa biyu an gama. Talotalo ba ya yarda da wannan saurin. Shirinsa kwanaki yake ci, kuma daga ranar Alhamis ake ƙirgo su da baya.

Tun saura mako uku

Ki fara da alƙalami da takarda, ki rubuta waɗanda za su zo. Bayan dangi, ki tuna da ɗaliban da ɗakunan kwanansu ke zama kufai a wannan mako, da gwaurayen da iyalinsu ke gida Najeriya ko Nijar ko Ghana, da wanda bai daɗe da sauka ba. Su ne suka fi kowa buƙatar gayyatar. Ki ƙara mutum 2 ko 3 a kan lissafin, domin baƙonmu ba ya zuwa shi kaɗai. Ki kuma tambayi iyaye ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ko ƙwai. Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a nan, kuma yajinmu na tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa.

Daga yawan mutane ake fitar da girman talotalo. A Amurka da laba ake awo, laba 1 kuwa giram 454 ce. Ƙa'idar da aka saba ita ce laba 1 zuwa 1 da rabi ga kowane mutum, tunda ƙashi yana cin kaso mai yawa na nauyin. In akwai shinkafa da wani naman, laba 1 ta isa. Mutum 12 ke nan talotalo mai laba 14, kimanin kilo 6 da ɗoriya, zai wadatar da su. A wannan rubutu da shi zan riƙa misali. In taron ya kai mutum 20 ko fiye, ƙanana biyu sun fi ƙato ɗaya. Ƙaton yana cin kwanaki kafin ƙanƙararsa ta narke, yana cika obin, kuma kafin cikinsa ya nuna wajensa ya bushe.

Ki je wurin mahaucin halal yanzu ki ba da oda, kada ki bari sai makon bikin, lokacin an riga an kama na kamawa. Ki tambaye shi ko ɗanye ne sabon yanka ko na firiza, domin jadawalinki duka a kan amsar ya rataya. Sabon yanka ana karɓarsa ne saura kwana 1 ko 2, wato Talata. Na firiza kuwa ki karɓa da wuri in kina da wurin ajiya.

A wannan makon ne kuma za ki sayi ma'aunin zafin nama, irin mai tsinke da ake sokawa ya nuna lamba. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma a ganina ya fi duk wani kayan ƙamshi da za ki saya muhimmanci. Ki nemi babban kwanon gashi mai ƙwari, ki gwada shi a obin ɗinki ki ga ƙofa tana rufuwa. Kwanon nan na foyil da ake yarwa yana lanƙwashewa da nauyi, in shi za ki yi amfani da shi ki ɗora shi a kan faranti na ƙarfe.

Me za a ci

Teburin Amurkawa na gargajiya ya ƙunshi talotalo, da romo mai kauri da ake zuba masa, da markaɗaɗɗen dankalin Turawa, da haɗin burodi (yankakken burodi da albasa da kayan ƙamshi a gasa), da miyar kiranberi (wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami), da dankalin Hausa, da koren wake, sai fai ɗin kabewa a ƙarshe, wato kwaɓin kabewa mai zaƙi da ake gasawa a cikin ɓawon fulawa. Yaran da aka haifa a nan su suke sa ran gani. Manya kuwa, a faɗi gaskiya, in ba su ga shinkafa ba za su tashi kamar ba su ci komai ba. Don haka ki raba biyu: daga nasu ki ɗauki talotalo da romo da dankali da kiranberi da fai, daga namu ki kawo dafa-duka da abu ɗaya mai miya. Wannan lokaci kabewa ta cika kasuwa, saboda haka waina da miyar taushe sun dace da ranar ƙwarai.

Kada ki yarda ki dafa komai ke kaɗai. Duk wadda ta ce me za ta kawo, ki faɗa mata abu takamaimai: ke dafa-duka ta mutum 12, ke zoɓo da lemon citta, ke waina. In kika ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, shinkafa kula huɗu za ki gani babu abin sha. Sharaɗi ɗaya za ki kafa, kowa ya zo da nasa a dafe cikin kula, domin obin ɗinki ba shi da wurin baƙo ranar.

Akwai wuraren da alade ke ɓuya a abincin wannan biki, musamman in maƙwabta ko abokan aiki za su kawo wani abu, ko kuma za ki sayi na kanti. Haɗin burodi sau da yawa da sosej ake yin sa. Koren wake da ganye ana dafa su da yankin naman alade don ɗanɗano. Ɓawon fai da wasu garin burodin masara na kwali suna ɗauke da kitsensa, in kin ga kalmar lard a jikin kwali shi ke nan. Alawar mashmelo da ake jerawa a kan dankalin Hausa da gelatin ake yin ta, wanda galibi daga alade yake fitowa, sai dai ki nemi ta halal. Wasu kuma suna zuba giya a romo. Ki faɗa wa baƙin da ba Musulmi ba tun da wuri, cikin sakin fuska. Yawancinsu sun fi son a gaya musu, a maimakon su kawo abin da ba za a taɓa ba.

Kayan da ba sa lalacewa, irin su fulawa da sukari da kabewar gwangwani da madara da foyil da robobin zuba abinci, ki saye su saura mako biyu. Ranar Laraba ta jajibiri kantuna ba sa shiguwa.

Narkar da ƙanƙara

A nan ne mafi yawan walimomi ke lalacewa tun ba a kunna wuta ba. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ba da ƙa'ida: a cikin firiji, awa 24 ga kowace laba 4 zuwa 5. Mai laba 14 zai ci kwana 3 zuwa 3 da rabi. Tunda muna so mu sa masa gishiri ranar Talata da dare, ki fitar da shi daga firiza ranar Asabar da safe, ki bar shi cikin ledarsa, ki ɗora a faranti mai zurfi a can ƙasan firiji don kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abinci. Mai laba 20 sai ya fito tun Alhamis ko Juma'ar makon da ya gabata.

Kada ki bar shi a kan teburin kicin ya kwana, ko a gareji don ana sanyi. Wajensa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa, alhali cikinsa yana nan da ƙanƙararsa.

In lokaci ya ƙwace miki, akwai hanya ta biyu. Ki nutsar da shi cikin ruwan sanyi a ledar da ba ta yoyo, ki riƙa sauya ruwan duk minti 30. Kowace laba tana cin minti 30, wato awa 7 ga namu. Wanda aka narkar ta wannan hanya gasa shi ake yi nan take, ba a mayar da shi firiji ya jira.

Talata da dare: gishiri

Ki buɗe ledar, ki sa hannu ta ƙasa ki zaro wuya, sannan ki duba ta wajen wuyan ma, domin a nan ake yawan cusa 'yar jakar da ke ɗauke da ƙundu da hanta da zuciya. Mutane da yawa sai bayan an gasa suke gano ta. Ki ajiye su don romo.

Na san hannunki zai kai ga famfo, domin babu wadda aka koya wa dafa nama ba wanki a cikinmu. Hukumomin lafiya a nan suna hana wanke ɗanyen tsuntsu, dalilinsu kuwa ruwan yana fantsama da ƙwayoyin salmonela zuwa kwanuka da wuƙaƙe da duk abin da ke kusa, kuma wutar gashi ce ke kashe su. Ki goge shi ciki da waje da takardar goge-goge ta kicin har ya bushe. In zuciyarki ta ƙi kwanciya sai kin wanke, to ki kwashe komai daga kewayen wurin, ki saki ruwa kaɗan-kaɗan, bayan kin gama ki wanke wurin da sabulu ki bi shi da ruwan bilic.

Gishirin da ya fi dacewa shi ne mai manyan ƙwayoyi da ake sayarwa da sunan kosher: babban cokali 1 ga kowace laba 4 zuwa 5, wato cokali 3 ga namu. In gishirin tebur ne mai laushi, ki rage kusan rabi. Amma ki fara karanta jikin leda. Yawancin talotalon kanti an riga an ɗura musu ruwan gishiri, irin waɗannan ba a ƙara musu sai ɗan kaɗan.

Ki haɗa gishirin da garin tafarnuwa da citta da masoro da tayim da kori da ɗan barkono. Ki zura yatsunki a hankali tsakanin fata da tsokar ƙirji ki ɗaga fatar ba tare da ta yage ba, ki shafa haɗin a kan tsokar kanta, haka ma a cinyoyi, sauran ki shafe waje da ciki. Wanda aka barbaɗa wa kayan ƙamshi a fata kawai, cikinsa salam yake fitowa, kuma wannan ne ya sa mutanenmu da yawa ke cewa talotalo ba shi da daɗi. Gishirin yana jawo ruwan naman, ya narke a ciki, ya koma cikin tsoka, ta yadda za ta riƙe ruwanta a wuta. Ki mayar da shi firiji a rufe, daren Laraba ki buɗe shi ya kwana a haka fatar ta bushe. Busasshiyar fata ce ke yin ja ta yi ƙamas-ƙamas.

Yajin tsire kuwa ki bar shi sai a tebur. Ƙuli-ƙuli ba ya jure awa uku a obin, ƙonewa yake ya yi ɗaci.

Laraba: duk abin da zai iya kwana

Ki fara da romo. Wuya da ƙundu da zuciya da ƙarshen fukafukai, ki soya su sama-sama, ki zuba albasa da karas da seleri da ruwa kofi 8, su dahu a ƙaramar wuta awa 2, ki tace. Hanta ba ta shiga, tana sa romo ɗaci, ki soya ta daban.

Kiranberi 'ya'yan itace ne jajaye da ake nomawa a jihohin Wisconsin da Massachusetts, tsaminsu kamar na yakuwa. Leda 1 mai giram 340, sukari kofi 1, ruwa kofi 1, a tafasa kamar minti 10 har su farfashe. Ki goga ɗanyar citta da ɓawon lemon zaƙi a ciki. Za ki gan ta da ruwa-ruwa, kada ki damu, a firiji take yin kauri. Amfaninta a faranti shi ne ta yanke maiƙo.

Fai ɗin kabewa ma yau ake yin sa. Kabewar gwangwani giram 425, ƙwai 2, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, madarar ruwa ta gwangwani mai mililita 354, kirfa ƙaramin cokali 1, citta rabin cokali, kanumfari kwata, gishiri rabin cokali. Ki kaɗa su ki juye a ɓawon fai. A gasa minti 15 a digiri 425 na Farenhait, a rage zuwa 350 a ci gaba minti 40 ko ɗan fiye, har gefe ya kama tsakiya kuma tana ɗan rawa. Ya huce awa 2 sannan ya shiga firiji, tunda ƙwai da madara ne. Wannan awo na fai ɗaya ne, mutum 12 kuwa fai biyu za su ci.

Haɗin burodi a al'ada cikin talotalo ake cusa shi. Ni ban ba da shawarar haka ba. Kafin tsakiyar burodin ya kai zafin da zai kashe cuta, ƙirjin ya wuce misali. Ki yi shi a kwanonsa daban: busasshen burodi laba 1 a yanka ƙanana, albasa 2 da seleri sanda 4 a soya a bota, ganyen sej da tayim, ƙwai 2, romo kofi 2 zuwa 3. Ki haɗa ki rufe ki sa a firiji, gobe a gasa.

Sauran aikin yau shi ne fere dankali a bar shi cikin ruwan sanyi, markaɗa kayan miya, dafa zoɓo, jiƙa shinkafar waina in ke za ki yi. Maigida da yara su ɗauki gyaran falo, da aron kujeru, da fito da faranti da cokula. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kowane kwanon zuba abinci a lika masa 'yar takarda mai sunan abin da zai shiga ciki, gobe duk mai taya ki ba sai ta tambaye ki ba. Ado kuwa, tsabtataccen mayafin tebur da 'yan ƙananan kabewa biyu sun isa.

Alhamis

Ki fara tsayar da lokacin ci. A ƙarshen Nuwamba rana gajera ce: a New York La'asar tana shiga jim kaɗan bayan ƙarfe 2, Magariba kuwa wajen 4 da rabi. Ƙarfe 3 ya fi dacewa a ganina. An yi La'asar, a zauna a ci a natse, a tashi a yi Magariba, a dawo kan fai da shayi. Ki ce wa baƙi ƙarfe 1 da rabi, kin san halinmu da lokaci.

Daga ƙarfe 3 ki ƙirgo baya. Yanka ƙarfe 2 da rabi, fitowa daga obin ƙarfe 2. A digiri 325 na Farenhait, wato 163 na Salsiyos, mai laba 12 zuwa 14 yana cin awa 3 zuwa 3 da minti 45, mai laba 14 zuwa 18 kuwa har awa 4 da kwata. Namu ke nan zai shiga ƙarfe 10 da kwata. Kada wuta ta yi ƙasa da 325, kuma kada ki bi masu cewa a bar shi ya kwana a ƙaramar wuta.

Ƙarfe 9 da rabi ki fito da shi, ki kunna obin, ki sauko da ragar zuwa matakin ƙasa. Ki kwaɓa bota mai laushi da dakakkiyar tafarnuwa ki tura ƙarƙashin fatar ƙirji, ki shafe waje da mai. A cikinsa ki sa albasa rabi-rabi da lemon tsami da tafarnuwa, kada ki cushe shi tam, iska mai zafi tana buƙatar hanya. Ki lanƙwasa fukafukai ƙarƙashin baya don kada su ƙone. A kwanon ki shimfiɗa manyan yankan karas da albasa ki ɗora shi a kai, ƙirji sama, ki zuba ruwa kofi 2 a ƙasa don kada maiƙon da ke ɗiga ya ƙone ya cika gida da hayaƙi.

Daga nan ki rabu da ƙofar obin. Yawan buɗewa ana yayyafa romo ba ya ratsa fata, zafi kawai yake fitarwa ya ƙara miki lokaci. In kin ga ƙirji ya yi ja tun da saura, ki yafa masa foyil sama-sama.

Wajen ƙarfe 1 da kwata ki fara aunawa. Wurare uku ake sokawa: mafi kaurin ƙirji, da can cikin cinya, da gindin fiffike, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba. Kowanne ya kai digiri 165, wato 74 na Salsiyos. Cinya ta fi daɗi in ta kai 175, ƙirji kuwa da ya wuce 165 sai bushewa. Ɗan jan maɓallin da ke maƙale a ƙirjin wasu talotalon kada ki dogara da shi, sau da yawa sai nama ya wuce yake tasowa. Launi ma ba shaida ba ne, naman kusa da ƙashi yakan yi ja-ja ko da ya nuna. In ƙirji ya kai cinyoyi ba su kai ba, ki yanke cinyoyin ki mayar da su su kaɗai.

Ya fito, ki ɗauke shi zuwa katako ki bar shi minti 30. In aka yanka da zafinsa ruwan duk a katako zai ƙare. Wannan rabin awa ita ce ta obin: haɗin burodi ya shiga a digiri 375, da rufi sannan a buɗe saman ya yi ja, tare da dankalin Hausa in akwai. Shi ma haɗin burodin ki auna tsakiyarsa ya kai 165.

Dankalin Turawa laba 6 ki ɗora shi tun ƙarfe 1 da rabi, a ruwan sanyi da gishiri, bayan ya tafasa minti 15 zuwa 20. Ki tsiyaye, ki murƙushe da hannu, ki zuba bota da madara mai ɗumi. Kada ya shiga bilenda, danƙo zai yi. A kula zai jira ki da zafinsa.

Romon kuwa, ki juye ruwan kwanon gashi a kofi, maiƙo zai taso sama. Ki ɗebi babban cokali 8 na maiƙon a tukunya, ki zuba fulawa cokali 8, ki juya minti 3 har ta yi launin ƙasa, sannan ki riƙa zuba ruwan gashin da romon jiya kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, kimanin kofi 6. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri. Attaruhu ɗaya a jefa a ciki a tsame yana gyara shi ga bakinmu.

Wajen yanka, a kicin ake yi da wuƙa mai kaifi. A cire ƙafafu a raba cinya da dambubu, a cire fukafukai, sannan a bi ƙashin tsakiya a ciro kowane ɓarin ƙirji sukutum, a yanka shi a gicciye. In ƙirjin ya ɗan bushe, ki jera shi a faranti ki zuba masa romo mai zafi.

Wata magana da ba na so a tsallake: alƙaluman hukumomin kashe gobara sun nuna babu ranar da gobarar kicin ta fi tashi a Amurka kamar wannan. Kada a bar tukunyar mai a wuta babu kowa, kuma yara su yi nesa da murhu. In mai ya kama, a kashe wuta a kife murfi, kada a zuba ruwa. In a cikin obin ne, a kashe a bar ƙofa a rufe, in abin ya fi ƙarfi kowa ya fita a kira 911. Soya talotalo sukutum a tukunyar mai, wanda samari ke gani a intanet su yi sha'awa, ba aikin cikin gida ba ne, kuma mai sauran ƙanƙara a jiki in ya shiga tafasasshen mai wuta ce ke tashi.

Baƙi

Sanyi ya riga ya shigo, kowa da rigar sanyi da manyan takalma zai zo. Ki ware gado ɗaya na riguna, da shimfiɗa a bakin ƙofa ta takalma. A banɗaki a sa buta da tawul da abin goge ruwa, tunda mutum 12 za su yi alwala sau biyu. A ware wurin salla a shimfiɗa dardumai tun safe. Ki ajiye dabino da soyayyar gyaɗa da shayi ga waɗanda suka riga zuwa, gyaɗar a sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Zama kuwa yadda gidanku ya saba, ko tebur ɗaya, ko maza a falo mata a ciki. In tebur ya yi kaɗan a shimfiɗa leda a kan kafet, dattawa masu ciwon gwiwa su hau kujera. Abinci a jera shi wuri guda kowa ya ɗiba, amma su Baba da Hajiya a zuba a kai musu, a fara da su. Baƙon da ba Bahaushe ba a zaunar da shi kusa da mai jin Turanci mai son hira, a kuma nuna masa wanne ne mai yaji.

Amurkawa suna da al'adar kafin a fara ci kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya a kai. Ina son wannan, kuma yara suna sonta. Babba a wurin ya buɗe da addu'a, a sa iyaye da waɗanda ke gida da waɗanda suka riga mu, sannan a zagaya a taƙaice kafin abinci ya huce. Talabijin za ta ja samari, domin ƙungiyoyin ƙwallon Amurka na Detroit Lions da Dallas Cowboys kowace shekara kowacce tana nata wasan a ranar, da safe kuma akwai faretin kantin Macy's na New York da aka fara tun 1924, wanda ke riƙe yara yayin da kike kicin. Lokacin ci dai a kashe. In hirar siyasar gida ta fara zafi, maigida ne ya kamata ya juya akalar.

Ke kuma uwargida, ƙarfe 2 da rabi ki miƙa ludayi ga wata, ki shiga ki watsa ruwa ki sauya kaya, ki fito ki zauna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma baƙi ba sa sakewa in mai gida tana kai da kawowa da gumi.

Bayan an ci

Daga lokacin da abinci ya sauka daga wuta, awa 2 gare ki kafin ya shiga firiji. Hira tana da daɗi, amma ƙarfe 4, tun kafin Magariba, a tashi mutum biyu su kwashe. A zare naman daga ƙashi, a zuba a robobi marasa zurfi don ya yi saurin sanyi, kada a tura gangar jikin sukutum. Dafa-duka ma a raba ta ƙanana, shinkafar da ta kwana a kula tana ɓata ciki. Kowane baƙo a ɗaure masa nasa a robobin da kika saya, ɗalibai da gwauraye a cika musu.

Abin da ya rage a firiji kwana 3 zuwa 4 yake yi, wato zuwa Litinin, wanda ba za a ci kafin nan ba ya wuce firiza tun ranar Juma'a. Wajen ɗumame a yayyafa romo a rufe, zafinsa ya sake kaiwa 165. Ƙasusuwan kada a zubar. A farfasa su a tukunya da albasa da citta da kanumfari da masoro da attaruhu, a rufe su da ruwa su dahu awa 3 a ƙaramar wuta, a tace, a mayar da ɗan naman da ya saura minti 10 kafin a sauke. Farfesun ranar Juma'a ke nan, romon da ya ragu kuma a daskarar da shi a ƙananan robobi don dafa-duka da miya.